Zumunta a Ƙafa Take, Ko a Jikin Bango?

Duk wanda ya taɓa leƙa nunin zane-zanen ɗalibai, ko a gidan tarihi ko a zauren wata makaranta, ya san yadda abin yake tafiya. Malamai ko masu shirya nunin su ne za su yanka jigo, kuma jigon da suka fi ƙauna shi ne haɗin kan jama'a. Daga nan sai kowane ɗalibi ya koma lungunsa ya duƙufa. Ranar buɗewa sai ka tarar da bango cike: ga tsintsiya ɗaure guda, ga hannaye sun sarƙe da juna, ga mutum uku sanye da hula iri uku suna murmushi, ga samari sun jeru a gona suna gayya, ga mata sun kewaye turmi suna lugude. Kowane zane an sa shi a firam, an liƙa 'yar takarda a ƙarƙashinsa ɗauke da sunan mai shi da ajinsa. Babban baƙo ya zo ya yanke ƙyalle, a zaga da shi, a ba da kyautar na ɗaya da na biyu da na uku, a sha lemo a watse.

Ban kawo wannan don in yi wa kowa ba'a ba, domin a cikin irin waɗannan zane-zane akwai waɗanda in ka tsaya gabansu sai ka ji tsigar jikinka ta tashi. Abin da ya tsaya mini a rai tambaya ce guda. Masu iya magana sun ce zumunta a ƙafa take. To, abin da aka yi domin jama'a, in aka ɗauke shi daga cikin jama'a aka rataye a ɗaki bayan gilashi, adana shi aka yi ko binne shi? Idan kuma waɗanda suka yi abin sun faɗa da bakinsu cewa kada a ajiye shi, shin wanda ya ajiye ya ci amanarsu? Wannan tambaya ta biyu ba ni na ƙirƙire ta ba. Ta taɓa faruwa a zahiri ga wasu ɗalibai a ƙasar Faransa, kuma labarinsu zan ɗora wannan magana a kai, domin ban san inda aka ja wannan igiya ta yi tsauri kamar can ba.

A farkon shekarar 1968 rigima ta kunno kai tsakanin ɗalibai da hukuma a jami'ar Nanterre da ke bayan birnin Faris. Da aka rufe Nanterre ran 2 ga Mayu, sai ɗalibai suka koma Sorbonne, tsohuwar jami'ar da ke tsakiyar birni, washegari kuwa 'yan sanda suka shiga suka kwashe ɗaruruwansu. Daren 10 ga wata aka kwana ana ɗauki-ba-daɗi a unguwar jami'ar, ɗalibai suna tone duwatsun da aka daɓe titi da su suna datse hanya. Irin dukan da aka ga 'yan sanda sun yi wa yara ya sa ƙungiyoyin ƙwadago suka kira yajin aiki ran 13 ga wata. Abin da aka shirya na yini guda sai ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ma'aikata suka shiga mamaye masana'antunsu ɗaya bayan ɗaya, kafin ƙarshen wata tsakanin mutum miliyan 7 zuwa miliyan 10 sun ajiye aiki.

Ana cikin wannan hali ne, a tsakiyar watan Mayu, ɗaliban babbar makarantar koyon zane ta Faris, wadda ake kira École des Beaux-Arts, suka ƙwace makarantarsu, suka shiga ɗakin ɗab'i, suka raɗa masa sabon suna Atelier Populaire, watau ma'aikatar talakawa. Wasu gwanayen zane da suka riga suka yi suna, irin su Gérard Fromanger da Eduardo Arroyo da Julio Le Parc, suka zo suka zauna cikin ɗalibai. Fasta ta farko da suka buga kalma uku ce kawai a jikinta: masana'antu, jami'o'i, haɗin kai. Kwafi kamar 30 aka buga, da niyyar a kai shagon sayar da zane a sami kuɗin tallafa wa masu yajin aiki. Yadda Fromanger ya sha ba da labari, takardun ba su kai shagon ba, domin tun a hanyar fita wasu ɗalibai suka karɓe su suka manna a bangon titi. Daga ranar kowa ya gane inda aikin ya dosa.

Bugun dutse da suka fara da shi yana da nawa, sai wani mai zane, Guy de Rougemont, ya koya musu bugun siliki. Wannan dabara kowa ya san ta a kasuwanninmu, ita ce wadda masu buga rubutu a jikin riguna suke amfani da ita: a ɗame ƙyalle a jikin katako kamar rariya, a toshe inda ba a so tawada ta bi, a zuba tawada a ja ta da roba, sai hoto ya fito a takardar da ke ƙasa. Da wannan suka riƙa aiki dare da rana. Yawanci launi ɗaya ne, ja ko baƙi ko shuɗi, a kan takarda mai arha. Sun fitar da ɗaruruwan zane iri-iri cikin mako shida. Akwai hoton masana'anta wadda bututun hayaƙinta ya ƙare da dunƙulen hannu. Akwai ɗan sandan kwantar da tarzoma ya ɗaga kulki bayan garkuwa. Akwai inuwar Janar De Gaulle, shugaban ƙasa na lokacin, ya sa hannu ya toshe bakin wani yaro. Akwai kuma waɗanda suke kiran ma'aikatan Faransa da baƙin ma'aikata su haɗa kai a kan cewa aiki ɗaya lada ɗaya, an rubuta da harsuna da dama har da Larabci.

Yadda aka tafiyar da aikin ya fi hotunan kansu jan hankalina. Kowace rana akan yi babban taro, duk mai zane ya kawo nasa a baje, a yi muhawara, a kaɗa ƙuri'a. Wanda taro ya ƙi, ba a buga shi ko da na fitaccen gwani ne. Ma'aikata masu yajin aiki sukan zo da kansu su faɗi abin da suke so a zana musu. Sannan babu mai sa hannu, hatimin ma'aikatar kaɗai ake bugawa, kuma ba a sayarwa. Haka aka yi ta yi har ran 27 ga Yuni, da 'yan sanda suka shigo suka fitar da kowa.

Bayan ƙura ta lafa an tara fastocin a littafi, wanda fassararsa ta Turanci ta fito a Landan a 1969. A farkon littafin masu ma'aikatar sun yi gargaɗi mai zafi. Taƙaitaccen abin da suke nufi shi ne, su makami suka ƙera, kuma mazaunin makami fagen fama, watau titi da bangon masana'anta. Ba su yarda a ƙawata ɗaki da su ba, ba su yarda a kai su zaurukan masu hannu da shuni ana yaba kyansu ba, har ma ajiye su da sunan shaidar tarihi sun kira shi cin amana. (Wani abin dariya, wannan gargaɗi a cikin littafin sayarwa aka buga shi. Da ma mutum ba ya rasa inda zai taka tabarmar da ya shimfiɗa.)

To, me ya biyo baya? A 2008, da abin ya cika shekara 40, zauren Hayward na Landan ya yi nuninsu. A 2018, da ya cika 50, ita kanta makarantar da 'yan sanda suka fatattaki ɗaliban daga cikinta ta baje su a zauren nuninta. Babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa ya adana su, gidan tarihin Victoria da Albert na Landan shi ma yana da nasa. A shekarar 2018 ɗin dai wani gidan gwanjo a Faris ya sa ɗaruruwansu a kasuwa, masu kuɗi suka yi ta taya wa juna. Ashe duk abu ukun da aka hana, babu wanda ba a yi ba.

Wanda zai ce an ci amana yana da hujja mai ƙarfi, kuma ba zan rage mata komai ba. Fasta a bangon masana'anta magana take yi da mutumin da bai karɓi albashi ba mako uku, tana ce masa kada ya karaya. Ita ɗin dai a bayan gilashi da wa take magana? Da mai yawon buɗe ido, wanda zai ce kai, dubi yadda jan nan ya zauna, ya ɗauki hoto ya wuce shagon tsaraba. Kalmomin ba su sake ba, amma an zare musu ƙaya. Kura ce aka cire wa haƙora aka sa mata takunkumi, gardi yana zagawa da ita kasuwa ana jefa masa kwabo. Bugu da ƙari, hukumar da aka yi fastocin don a ƙalubalance ta, ita ce yau take biyan mai gadin da yake tsaron su. Babu hanyar karya lagon abokin hamayya da ta fi ka ɗauki takobinsa ka rataye a zaurenka kana nuna wa baƙi.

Duk da haka ni ban yarda cewa gidan tarihi ya ci amana ba, kuma dalilina daga abin da muka taso muka tarar a fiƙihu na ɗauko shi. Shari'a ta ba mutum damar yin wasiyya, amma ba ta bar shi ya wuce sulusin dukiyarsa ba, sauran na magada ne ko ya so ko ya ƙi. Hikimar da ke ciki a fili take: wanda zai tafi yana da haƙƙi a kan abin da ya bari, waɗanda suka rage su ma suna da nasu, kuma su za su zauna da sakamakon. Abin da ya faru a watan Mayun 1968 ba na ɗaliban makarantar zane ba ne su kaɗai. Na ma'aikata ne, na 'ya'yansu ne, har ma namu ne mu da muke nesa, tunda ga shi muna tattauna shi da Hausa. Da an bi maganarsu sak, da ruwan sama da masu share gari sun gama da takardun nan tun kafin kaka, mu kuwa sai dai mu ji a bakin tsofaffi. Su da suka rubuta gargaɗin suna tsammanin gwagwarmayar za ta ci gaba gobe, saboda haka ajiya a wurinsu alama ce ta an saduda. Ba su hango ranar da takardar za ta zama ita kaɗai ta rage ba.

Inda na tsaya tare da su daram shi ne wajen gwanjo. Mutumin da ya buga takarda dubu ya manna a titi kyauta, ya ƙi sa sunansa, ya ƙi karɓar ko sisi, a nawa ganin waƙafi ya yi. Hukuncin waƙafi kuwa kowane almajiri ya san shi: ba a sayarwa, ba a kyauta da shi, ba a gadonsa. Ana dai naɗa masa mai kula, wanda aikinsa shi ne ya ga amfanin abin ya ci gaba da isa ga waɗanda aka yi dominsu. Gidan tarihi na iya zama wannan mai kula. Wanda ya ɓanɓaro fasta daga bango ya ɓoye a ƙarƙashin gado shekara 50 yana jiran ta yi tsada, wannan kamar wanda ya kewaye rijiyar unguwa ne da danga ya fara sayar da ruwa.

Akwai wani misali da ya sa na ƙi yarda a yi wa gidajen tarihi kuɗin goro. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu 'yan Nazi sun mai da garin Terezin, arewa da birnin Prague, sansanin tsare Yahudawa, kuma yara wajen 15,000 suka bi ta cikinsa, mafi yawansu aka wuce da su aka kashe. A watan Disamban 1942 aka kawo wata malamar zane, Friedl Dicker-Brandeis, wadda ta yi karatu a shahararriyar makarantar Bauhaus ta Jamus. Ta tara yara tana koya musu zane a kan duk guntun takardar da aka samu, kuma takan sa su rubuta sunansu a jikin aikinsu. Kafin a tafi da ita Auschwitz a watan Oktoban 1944, inda aka kashe ta, ta cika akwati biyu da zane-zanen ta bari. Fiye da 4,000 daga cikinsu suna hannun gidan tarihin Yahudawa na Prague, ana nuna wasu a tsohuwar majami'ar Pinkas, wadda aka rubuta sunayen mamata kusan 80,000 a bangonta. Dubi yadda al'amari ya juya. Ɗaliban Faris sun ga cewa tsayawa tare da jama'a shi ne ka goge sunanka kuma ka hana ajiya. Wannan malama, a wurin da ake mai da mutum lamba, ta ga cewa tsayawa tare da yaran shi ne ta sa su rubuta suna kuma ta ajiye. Wa zai iya buɗe baki ya ce ɗayansu bai san zumunci ba?

Saboda haka a wurina ajiya ba laifi ba ce, sa suna ma ba laifi ba ne. Haɗarin yana wani wuri dabam, kuma shi ne ya fi shafarmu. Hoton haɗin kai yakan nuna abin da mai zane yake fata, ya bar abin da ya auku. Idan mai kula da nuni bai cike wannan giɓi ba, sai mai kallo ya fita da ƙarya a kansa alhali babu wanda ya yi masa ƙarya.

Mu koma kan fastar nan ta farko mai kalma uku. Wanda ya gan ta a bango zai ɗauka ɗalibai da ma'aikata sun zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Gaskiyar magana kuwa, da ɗalibai suka yi tattaki daga Sorbonne zuwa masana'antar motoci ta Renault da ke Billancourt don su gaisa da masu yajin aiki, ƙofa a rufe suka tarar. Babbar ƙungiyar ƙwadago ta CGT, wadda take da alaƙa da jam'iyyar Kwaminis, ba ta amince da su ba, tana ganinsu 'ya'yan gata masu neman tada zaune tsaye. Ta bayan ƙofa da saman katanga aka yi hira. Ran 27 ga Mayu shugabannin ƙwadago suka fito da yarjejeniyar Grenelle, wadda ta ƙara kashi 35 cikin 100 a kan mafi ƙarancin albashi da kamar kashi 10 a kan sauran, ma'aikatan Billancourt kuwa suka yi watsi da ita, watau su ma a junansu bakinsu bai zo ɗaya ba. Ran 30 ga wata De Gaulle ya rushe majalisa, dubban ɗaruruwan magoya bayansa suka cika titi, da aka yi zaɓe a ƙarshen Yuni kuwa jam'iyyarsa ta lashe da gagarumin rinjaye. Babu ɗaya daga cikin waɗannan a jikin fasta.

Haka kuma fasta ba ta nuna abin da zumuncin ya ci. Ran 10 ga Yuni wani ɗan makarantar sakandare mai shekara 17, Gilles Tautin, wanda ya je goya wa ma'aikatan Renault na Flins baya, ya nutse a kogin Seine yana gudun jami'an tsaro. Washegari ma'aikata biyu suka rasa rayukansu a masana'antar Peugeot ta Sochaux. Shi Julio Le Parc, da yake ɗan ƙasar Ajantina ne, korarsa aka yi daga Faransa na wani lokaci. Wannan yaro da ya nutse, zumuntarsa a ƙafa take, domin da ƙafarsa ya je. Nunin da ya rataye dunƙulen hannu bai ambaci rufaffiyar ƙofa ba, bai kuma ambaci kogin ba, shi ne wanda zan yarda a kira maci amana.

To, mu dawo gida mu dubi namu da wannan ido. Ɗauki zanen gayya, tunda da wuya a yi nuni babu shi. Gayya ta ainihi mai gona ne yake kira, ya tanadi tuwo da fura, samarin gari su fito da garma tun da sassafe, makaɗa suna binsu da gangar noma. Wanda ya zo maka yau, ran da ya kira dole ka je, in ka noƙe gari duka ya sani. Watau bashi ne da ake biya da gumi. Kuma a lura, gayya ba ta goge suna. Makaɗi yakan kama sunan wanda ya fi zafin nama ya yi ta wasa shi har ya bar sauran a baya. Sai dai abin da sunan yake jawo masa kirari ne da farin jini, amfanin gona kuwa rumbun mai gona yake shiga, shi ma ran nasa a zo masa. A nan nake ganin kakanninmu sun fi ɗaliban Faris sanin halin ɗan Adam, domin sun bar wa gwani sunansa, sun hana shi kwashe hatsin.

A nuninmu fa? Ɗalibi talatin, kowa ya zana gayya shi kaɗai, yana kare takardarsa da kafaɗa kada na kusa ya leƙa, domin maki ake nema kuma kyautar ta mutum uku ce. Na taɓa ganin abokai biyu sun daina gaisawa a kan wane ne ya fara tunanin zana tsintsiya. Manoman da aka zana ba su san an zana su ba, ba a gayyace su ba, da za su zo ma da wuya mai gadi ya bar su su wuce da takalman taya. Bayanin da ke ƙarƙashin hoton da Turanci aka rubuta. Sannan babu wanda ya tambayi ɗalibin abin da kowane ɗan ƙauye ya sani, cewa a wurare da yawa gayya ta ja baya, ƙodago da kuɗi ya maye gurbinta, samarin sun tafi birni. Ashe mun ɗauki abin da yake neman ɓacewa mun yi masa kwalliya, mun ba kanmu lambar yabo, shi kuwa ba mu ƙara masa ko kunya ɗaya ba. Hoton mutum uku mai hula uku ma haka yake. Murmushi ne zalla, babu alamar cewa waɗannan mutane sun taɓa saɓawa, alhali haɗin kan da ba a gwada shi da saɓani ba babu wanda ya san nauyinsa.

Kada a ce ina nufin ɗalibi ba zai yi abin kirki ba sai ya tada tarzoma. A nan Zariya, a 1958, wasu ɗaliban zane na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 sun kafa ƙungiya, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Ba su jefi kowa da dutse ba. Zama suka riƙa yi suna muhawara a kan yadda za su haɗa fasahar da suka gada da wadda Turawa suke koya musu, kowa kuma ya sa hannu a kan aikinsa. Daga yankuna dabam-dabam suka fito, kuma ban ji an ce wani malami ya yanka musu jigon haɗin kai ba. Ƙungiyar ba ta wuce 1961 ba, amma a 2025 da gidan Tate Modern na Landan ya buɗe babban nunin zanen Nijeriya na zamani, ayyukansu suna ciki. Haɗin kansu a zaman da suka yi yake, shi ya sa ba su bukaci zana shi ba.

Da za a ba ni shirya nuni irin wannan, da jigon zan fara taɓawa. Maimakon a ce wa ɗalibai su zana haɗin kai, sai a tura su wurin masu adashi, ko 'yan aikin gayyar yashe kwata kafin damina, ko ƙungiyar da take haƙa kabari a unguwa ba ta karɓar ko kwabo, su zauna da su, su tambaye su abin da suke so a nuna da abin da yake raba kansu. A baje zanen a gabansu kafin a kai bango, in sun ce ba haka ba ne a sake. A rubuta bayani da Hausa, da boko da ajami. A fara nunin a ƙofar mai unguwa ko bakin kasuwa, inda iska da ƙura za su taɓa shi, daga baya gidan tarihi ya karɓa ya adana, tare da labarin wanda ya ƙi zuwa da wanda ya yi fushi ya fita. Sunan mai zane ya zauna, na waɗanda aka zana ma ya zauna in sun yarda. In an sayar, a san rabon kowa tun kafin a sa fenti.

Na san inda gizo yake saƙar, kuma malamanmu da suke karanta wannan sun riga ni ganinsa. Jami'a ba ta san gayya ba, takardar sakamako layi-layi take, kowane layi da suna ɗaya da lamba ɗaya. Ɗaliban Faris sun tsallake wannan matsala ne kawai saboda a makonnin nan shida babu malami babu jarrabawa. Mu kuwa muna da duka biyun. Idan aji guda ya kawo zane guda, wanda mutum talatin suka yi tare da masu haƙa kabari goma, kuma kowa ya san biyar daga cikin talatin ɗin sai ranar ɗaukar hoto suka bayyana, ina so wani daga cikin malamai ya gaya mana a fitowa ta gaba yadda zai raba makin.